Na Canza Wa Babana Maganin Feshi Da Ruwa Saboda Malam-Buɗe-Littafi

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini da shawara. Wata biyu ke nan abin nan yana cina a rai, na rasa wanda zan buɗe wa cikina.

Ni magidanci ne, shekarata talatin da takwas, gyaran agogo da tabarau nake yi. Bara mota ta buge ni, ƙafata ta karye wuri biyu, aka dawo da ni gidan mahaifina ni da iyalina don a riƙa kula da ni. Wata shida na yi a kujera. Wanda bai taɓa zama haka ba ba zai gane ba. Har bangon ɗaki sai da na tsana. Ƙanwata ce ta ga ina neman lalacewa, ta kawo mini tsohuwar kyamararta da wani gilashi da ake ɗaura mata, mai sa ƙaramin abu ya cika hoto. Ta ce in ɗauki ko da ƙuda ne, in dai zan daina kallon rufi.

Babana renon dashen lemo yake yi a bayan gida, cikin ƙananan ledoji baƙaƙe, layi-layi. Can ake ajiye ni da hantsi. A nan na fara lura da wani malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya. Ranar da na fara ganin fiffikensa ta cikin gilashin nan, Gwaggo, sai da na yi salati. Ashe abin da muke gani kamar hoda wasu 'yan ɓawo ne a jere, ɗaya kan ɗaya, kamar an yi rufin kwano. Ni da na saba da cikin agogo ban taɓa ganin aiki mai tsari irin wannan ba. Na koyi riƙe numfashi kafin in danna, na koyi kada inuwata ta faɗa kansa. Wani lokaci in yi awa biyu ban samu hoto ɗaya mai kyau ba, amma in koma ɗaki da farin ciki. Matata har tsokanata take yi wai abokan hira masu fukafukai sun ƙwace mata miji.

To ashe a ganyen lemon Baba suke yin ƙwai. Tsutsar tana fitowa kamar kashin tsuntsu, ta girma ta zama koriya, ta naɗe kanta, sannan ta fito da fiffike. Na ƙudurta sai na ɗauki wannan tafiya tun daga ƙwai har tashi. Shi kuma Baba, a wurinsa tsutsa ɓarauniya ce. Ya sayo kwalbar magani a shagon amininsa, ya ce ranar Asabar zai yi feshi.

Ban roƙe shi ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna yanzu. Na ji kunyar in ce wa dattijo ya bar amfaninsa saboda ƙwaro. Da ya fita da la'asar, na dogara sanda na shiga ɗakin kayansa, na juye maganin a wata gora, na bar kaɗan a gindi saboda wari, na cika da ruwa. Na ce wa kaina ganye nawa tsutsa za ta ci?

Sau uku yana feshi. Cikin dashe ɗari biyu, fiye da rabi suka zama tsinke, har da waɗanda ya ɓata watanni yana yi musu aure, wato haɗa reshe da reshe, da hannunsa. Ina zaune ina kallonsa yana bin layi yana ɗaga leda yana ajiyewa.

Sai ya ɗauki kwalbar ya tafi shagon, a gaban masu sayayya ya ce wa amininsa jabu yake sayar wa mutane. Mutumin nan tun kafin a haife ni suke tare. Baba Ƙarami muke ce masa. Shi ya ba ni jini a asibiti. An ce Baba Ƙarami ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya girgiza ta, ya daɗe yana kallonta, ya ce Allah Ya bayyana gaskiya. Tun ranar ba sa gaisawa, kuma maganar ta zaga unguwa, wasu manoma sun koma wani shago.

Hoton kuwa na samu. Malam-buɗe-littafin yana fitowa daga kwansonsa, fiffike a jiƙe a yamutse, rana ta ratsa shi. Ƙanwata ta wanke shi babba ta sa a firam. Baba da kansa ya buga ƙusa ya rataye shi a falonsa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce ɗansa ne ya ɗauka lokacin da ko tsayuwa ba ya iyawa. Bai san ganyen da ke jikin hoton nasa ne ba. Tunda nake, ban taɓa jin ya yi alfahari da ni haka ba, ko ranar da na buɗe shago.

Gorar maganin tana nan ƙarƙashin gadona. Kyamarar ma na kasa taɓa ta. In na faɗa, ina tsoron hawan jininsa, ina kuma tsoron kallon da zai yi mini. In na yi shiru, bawan Allah yana ɗauke da laifina. Wani zubin sai in ce lokaci zai shafe komai. Yaya zan yi?

Naki,
Mai Gyaran Agogo

AMSA

Ɗana, Allah Ya ƙara sauƙi. Kafin komai, fitar da gorar nan daga ƙarƙashin gado yau ɗin nan. Guba ce, kuma akwai iyali a ɗakin.

Ba zan raina abin da ka so ba. Mutumin da ciwo ya zaunar, duk abin da ya dawo masa da sha'awar wayewar gari magani ne, kuma kallon halittar Allah da idon natsuwa ba wasan banza ba ne. Amma lemon nan gumin mahaifinka ne, ba kai ka dasa ba. Kunyar da ta hana ka roƙonsa ba ta hana ka shiga ɗakin kayansa ba. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Da ka yi magana, watakila da ya bar maka ledoji biyar yana dariya.

Dashe za a sake. Abin da ba ya jira shi ne mutuncin Baba Ƙarami. Lokaci ba zai shafe wannan ba, sai dai ya sa mutane su ƙara yarda cewa gaskiya ne. Kuma ina zaton wanda ya yi shekara da shekaru yana sayar da magani ya gane an taɓa kwalbar nan bayan ta bar hannunsa. Ya zaɓi ya haɗiye zagi maimakon ya nuna gidan amininsa da yatsa. Kada ka bar shi ya ci gaba da biyan wannan karamci.

Ka samu mahaifinka cikin makon nan, da safe bayan ya ci abinci ya sha maganinsa, ku biyu kawai. Kada ka aika mahaifiyarka ko ƙanwarka. Ajiye gorar a gabansa ka faɗi abin da ka yi a taƙaice, ba tare da ka jingina da ƙafarka ba. Zai yi faɗa. Ka sunkuyar da kai ka sha. Rabin fushinsa kunyar abin da ya yi wa amininsa ce, don haka ka sauƙaƙa masa: ce masa kai za ka fara zuwa shagon. A gaban jama'a aka ɓata mutumin nan, a gaban jama'a za ka wanke shi, da bakinka, lokacin da shagon ya cika.

Bayan haka ka zauna ka cika leda da ƙasa tare da Baba har a mayar da abin da ya lalace. Aikin zaune ne, ƙafarka ba za ta hana ba. In zuciyarsa ta huce, ka roƙi 'yan itatuwa a gefe guda, ka riƙa tsince tsutsar da hannu kana mayarwa can, sauran a rufe su da raga mai ƙananan ido. Kyamara ba ta yi laifi ba, ka koma mata bayan ka sauke wannan nauyi.

Hoton falo kuwa, ka gaya masa ganyen wane ne, ka bar masa hukunci. Ko ya sauke shi ko ya bar shi. Alfaharin da yake yi da kai yanzu bai san dukan labarin ba. Wanda zai yi ranar da ya ji ka tsaya a tsakiyar shago ka ce ni ne, wannan naka ne halak malak.

Allah Ya daidaita tsakanin dattawan nan, Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya miƙar da ƙafarka sarai.

Gwaggonku