Hure da Takardar Brouillon

Agadez, watan Maris

Zuwa ga Maman Hure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki na Bilma. Na daɗe ina tunanin ko ya dace in rubuto miki, tunda rabonmu da magana tun rabuwar aurenmu. Amma zancen Hure ne.

Kin san bara ta faɗi jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej, kuma faransanci ne ya kayar da ita. In bana ma ta faɗi, kolej ba za su sake karɓar ta ba. Na ɗaura niyyar hakan ba za ta faru ba. Na tattaro kalmomin da ake tambaya da su: idée générale, personnage principal, narrateur, résumé. Kowace na fassara mata da Hausa: jigo, tauraron labari, mai ba da labari, taƙaitawa. Ta haddace su tsaf. Amma da na ba ta nassi in ce ta amsa, sai ta riƙe bik ɗin rubutu tana kallon takarda har a kira la'asar. Wataƙila ni ne ban iya koyarwa ba, karatuna bai wuce lise ba, ban taka jami'a ba. Ke ce malama. Ina na kuskure?

Ki huta lafiya.
Ashiru

Bilma, watan Afrilu

Baban Hure,

Wa alaikumus salam. Direban kamiyon gishiri ya kawo mini takardarka. Muna lafiya, sai zafi.

Na duba ta gaba da baya, ban ga inda ka soke ko harafi ɗaya ba. Faɗa mini gaskiya, nawa ka yaga kafin wannan? Na san ka. Ko kayen nan naka, littafin da kake rubuta abin da ya faru kullum, sai ka ja layi da regil.

Yarinyar nan kanta ƙalau. Tun tana ƙarama in kakarta ta yi tatsuniya, ita ke cewa an tsallake wuri kaza. Jigo ba baƙonta ba ne. Tsoro take ji, kuma a gidanka ta koya. Ba ta taɓa ganin ubanta ya rubuta kuskure ba, shi ya sa take zaton rubutu daga sama yake saukowa a goge.

Akwai kalmar da ka manta: brouillon. Rubutun farko, na ɓatawa. A ɗakin jarrabawa ana raba takardarsa, na tabbata bara fara fat ta bar tata. Ka zauna gabanta ka yi ɓarna ta gani. In za ka iya.

Ka gaishe mini da ita. Ga dabino nan, nata ne, ba naka ba.
Haoua

Agadez, watan Mayu

Maman Hure,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki. Dabino ya iso, na ci kaɗan bisa izinin mai shi.

Maganarki ta yi mini zafi, na kwana biyu ina neman inda ba daidai take ba, ban samu ba. Ran Juma'a na shimfiɗa tabarma, na ce mu taƙaita labarin makiyayin da raƙuminsa ya ɓace a hanyar Ingall, kowa da takardarsa. Jimlata ta farko ta karkace. Na soke ta a kan idonta. Ta biyu ma haka. Hure ta leƙo ta ce, "Baba, kai ma?" Na ce ni ma. Ta yi dariya har da faɗuwa, ta ce, "To ai tauraron ma ka ɓata, raƙumin ka bi ka bar mai shi!" Gaskiyarta. Ta ja takardata ta gyara.

Yanzu kullum bayan la'asar muna yi: mu karanta, mu ɓata, mu sake dubawa, sannan mu kwafe. Takardunta kamar kaji sun yi tono a kai. Wani lokaci ina tsoron kada na koya mata ƙazanta, amma ba zan fasa ba. Ki sa ta a addu'a.

Ki huta lafiya.
Ashiru

Agadez, watan Yuli

Maman Hure,

Salamu alaikum. Sakamako ya fito. Hure ta ci! Ta ce ranar faransanci takardar brouillon ɗinta ta cika har ta ɗaga hannu ta roƙi wata.

Tana son zuwa wurinki hutu. Na yarda.

Za ki ga na soke layi biyu a ƙasa. Na so in yaga in sake, Hure ta ƙwace, ta ce a haka za ta tafi. Kada ki ɗaga takardar a rana don ki ga abin da na soke.

Na gode.
Ashiru