Kunun Minti Ɗaya

Rhoda,

Na tafi unguwar Muchia, gidan Maman Oluoma, ban tashe ki ba. Maman Oluoma ta bi bidiyonmu na kunun zaƙi, wanda kika yanke wajen jiƙa gero, wai ba mai tsayawa kallon gero cikin ruwa. Ita ma ba ta tsaya ba. Busasshe ta kai inji, ta dama ruwa da tsaki, ga matan Zumuntar coci za su zo mata yau. Da ta kira ni tana ƙorafi, na saurare ta har ta gama. Hannuna ne a bidiyon, ni ce malamar ke nan.

Na ɗauki kununmu zan kai mata. Na jiƙa wani geron a roba. In kin tashi, ki kafa wayarki a kansa, ki ɗauka har ya jiƙu. Kada ki yanke ko'ina.

Mamanki