Rasuwar Dokta Harisu da Takalmin Malam Samba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da ya ba mu aro ya kuma karɓi abinsa, Ƙungiyar Dubiya ta Masu Ciwon Sukari ta Dakoro, da yawun shugabanta da dattawanta da mambobinta maza da mata, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma likitanta, mai girma Alhaji Dokta Harisu Abdulmumini, masanin hanyoyin jini da gyambon masu sukari, wanda ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin aikinsa da hantsin Talatar da ta gabata, rai ya yi halinsa tun kafin a kai shi gado. An yi masa sutura ranar nan bayan azahar.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, Hajiya Uwale, da mai ɗakinsa, Hajiya Sharifa, da ɗiyansa da danginsa baki ɗaya, haka kuma ga mai girma perefe, shugaban gundumarmu, da magajin gari, da iyayen ƙasa, da limamai, da abokan aikinsa na asibiti, waɗanda mun san rashin nan ya doke su kamar yadda ya doke mu.

Marigayin ɗan garin nan ne. Karatu ya kai shi Yamai har ƙetare, kuma da ya yi zamansa can babu mai ganin laifinsa, amma ya dawo da tambaya guda wadda ta hana shi sakat tun ranar da aka yanke wa mahaifinsa ƙafa sanadin ƙayar da ya taka a gona: me ya sa ɗan ciwon da yaro ke warkewa da shi cikin wasa yake zame wa mai sukari gyambo? Shi ya fahimtar da mu, da Hausar da kowa ke ganewa, cewa sukari yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, yana kuma kashe jijiyar ji, har ƙafa ta koma kamar ta aro, a taka garwashi da ita ba a sani ba. Shekara da shekaru yana bin ƙauyuka daga Roumbou zuwa Sabon Maci da ɗan na'urarsa mai jiyar da mutum ƙarar jininsa a idon sawu, yana durƙusawa gaban manoma da makiyaya, yana riƙe ƙafafun da masu su kansu ke jin kunyar nunawa.

Bincikensa ya nuna masa cewa tafiyar ƙasa tana taimaka wa jini ya sauka ƙafa, sai dai ya ci karo da halinmu. A Dakoro dattijo ba ya yawo babu dalili. In an gan shi yana sassarfa shi kaɗai, kafin ya dawo gida an ce ya sayar da babur, ko kuma an ce ya taɓu. Dokta bai tsaya gardama da mu ba. Ya ce to, kowane mai sukari ya riƙa zuwa dubiyar ɗan'uwansa a ƙasa, daga wannan unguwa zuwa waccan, ya samu lada, ya kuma duba masa tafin ƙafa kafin ya taso. Nan ƙungiyar nan ta samo sunanta. Masu gyambo kuwa ya hana su takawa, ya koya musu motsa ƙafa a zaune, ya sa dukawan kasuwa suka ɗinka mana takalma rufaffu masu taushin ciki, da doka guda wadda bai taɓa yi mana sassauci a kanta ba: mai sukari ba ya taka ƙasa ba takalmi.

A nan ya zama dole mu faɗi abin da ya sa wannan sanarwa ta makara, ko da yake faɗinsa yana mana ciwo. Duk Dakoro ta san Malam Samba, dillalin raƙuma a kasuwar dabbobi, wanda gyambo ya ci tafin ƙafarsa ta dama har likitoci suka tsayar da shawarar a yanke ta. Marigayin ne ya roƙi a ba shi lokaci. Tun daga damina har bazarar nan yana wanke ƙafar da hannunsa, yana yi wa mai ita faɗa, yana kiransa sarkin taurin kai, har ciwon ya rufe saura kamar ƙwayar wake. Malam Samba kan ce wa kowa a kasuwa: “Ƙahwar ga ba tawa ba ce, ta Dokta ce, ajiya aka ba ni.”

Ranar jana'iza rana ta take, rairayi ya yi zafin da ko jaki ba ya son tsayuwa a kai. Da aka yi sahu, masu lafiya suka tuɓe takalma suka taka bisansu, kamar yadda aka saba. Malam Samba, a sahun gaba, ya tuɓe nasa ya ajiye gefe, ya tsaya a kan rairayin. Na kusa da shi ya ce: “Haba Malam, maida takalminka!” Sai ya ce: “Ni in yi ma Dokta salla da takalmi? Allah ya kiyashe ni.” Haka ya bi gawa har maƙabarta riƙe da su a hannu, ya tsaya har aka gama rufewa, kuma bai ji komai ba. Sai da ya zauna alwalar magariba mai ɗakinsa, Malama Safi, ta ga fatar tafin ƙafar ta saɓule. An garzaya da shi Maraɗi, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ciwon ya riga su. Jiya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ba mu ga laifin zuciyar Malam Samba ba, ƙauna ce ta kai shi. Amma wallahi muna faɗa da babbar murya, wannan ba girmamawa ba ce, kuma da marigayin zai ɗago daga makara ranar nan da ya katse mu da faɗa. Wasu mambobinmu ma sun yi irin haka, Allah ya taƙaita nasu bai wuce ƙuna ba. Mun je wurin mai girma limamin da ya sallaci gawar, ya kuma ba mu izinin sanarwa da sunansa cewa mai lalura ya yi sallar jana'iza da takalminsa muddin yana da tsarki, ya shiga maƙabarta da shi, babu komai a kansa. Duk wanda ya ƙone ya ɓoye don kunya, ya je yau wurin Majo Zalika, shugabar masu jinya da ta yi aiki tare da marigayin, wadda ta ɗauki alkawarin ci gaba da duba ƙafafu da adana bincikensa har a samu magaji. Dubiya kuma ba za ta tsaya ba.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Alhaji Dokta Harisu, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowace ƙafar da ya tsirar ta zame masa shaida ranar gobe. Allah ya ba Hajiya Uwale da Hajiya Sharifa da ɗiyansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya abin da ya bari, ya ba Malam Samba lafiya, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Za a yi addu'ar bakwai a ƙofar gidan marigayin. Malam Samba ba zai samu halarta ba, amma ya aiko Malama Safi da takalminsa na dama, da saƙon cewa shi kam ya ci amanar ajiya, kada wani ya bi sawunsa. Ya roƙi a ajiye takalmin bakin tabarma, inda ake tuɓewa, don duk mai sukarin da ya duƙa zai cire nasa ya fara ganinsa. Mun karɓa, kuma nan za ku tarar da shi.

Sa hannu:
Malam Alhusaini Baraka
Kakakin Ƙungiyar Dubiya ta Masu Ciwon Sukari, Dakoro