Murhun da Ba Ya Jin Yatsana

Litinin, 3 ga Maris
Gwiwa da sauƙi, tarin yana nan. Surukata ta zo da wani mai tsara ɗakuna, wando a matse, igiyar awo a wuya kamar tela. Wai za a gyara kicin. Ya dubi murhun gas ɗin da marigayiya matata ta ciyar da 'ya'ya biyar a kansa, ya ce tsohon yayi ne. Shi sabon yayin ko gaisuwa bai iya ba.

Laraba, 5 ga Maris
Ɗana ya kira. Ashe ni ne dalilin gyaran, don na manta gas a kunne watan jiya. Sau ɗaya tak. Za a sa na lantarki mai kashe kansa. In shi ma ya gagare ni, sai in tattara in koma gidansu, ɗakin da ke bayan gareji. Na ce na ji.

Asabar, 8 ga Maris
Surukata da mai tsara ɗakunan sun baje hotuna a tebur suna zaɓe. Firij mai ƙofa biyu, ga mutumin da haƙoransa ba su cika goma ba. Injin wanke kwanuka, alhali kwano ɗaya, kofi ɗaya nake ɓatawa. Kabad har rufi. Na tambaya wa zai hau can, surukata ta ce, "Baba, ai ya fi kyan gani." Launi kaɗai aka nemi shawarata a kai. Na ce su tambayi bangon.

Talata, 18 ga Maris
Guduma tun safe. Ban fito ba.

Alhamis, 20 ga Maris
An gama. Murhun wani baƙin gilashi ne a shimfiɗe, ba abin murɗawa, ba harshen wuta, sai taɓawa. Surukata ta taɓa, ya yi 'yar ƙara ya kama. Na taɓa, shiru. Na danna da ƙarfi, shiru. Mai matsattsen wando ya ce fatar tsofaffi ta bushe, shi ya sa ba ya jin ta. A gabana, kamar ba na wurin. Da za ta fita, surukata ta ce ɗana zai zo Lahadi ya gani da idonsa.

Juma'a, 21 ga Maris
Burodi da ruwan sanyi. Ni da na koyi rubutu da alƙalamin tsomawa a tawada ba tare da ɗigo ɗaya a takarda ba, yau gilashi ke ƙin amsa mini.

Asabar, 22 ga Maris
Na wanke kofi, hannuna da danshi, na dafa gefen murhun saboda ciwon gwiwa. Ya kama. Na kashe, na jiƙa yatsa, ya sake kamawa. Shirme, abin da sai an yi masa dabara. Ruwan shayi dai ya tafasa kafin in gano inda suka kai sukari.

Lahadi, 23 ga Maris
Tarin ya lafa. Na ɓoye ɗan kofin ruwa a bayan gwangwanin shayi, don tsoma yatsa. Na sa rigar fita. Na dafa shayi kofi biyu, na goge gilashin da tsumma, ba don komai ba, shatin yatsu ke ɓata shi. Na zauna kusa da taga har rana ta faɗi.

Ɗana bai zo ba, bai kira ba. Na ɗumama nasa na shanye. Taɓawa ɗaya ya kama.