Keken Dabo a Bakin Binuwai

Zuwa ga Inna Gumsu, Fagge, Kano
Yuli, 1956

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? A gaishe mini da Yakaka, da Cyprian na Sabon Gari. Gaskiya Cyprian ya faɗa mana, a nan wani ƙauye na bakin Binuwai Yaya Dabo ya yi shekara huɗun da ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Kwana uku muka yi a kwalekwale daga Makurɗi. Lafiyata lau, sai ɗan zazzaɓi. Jakata ta faɗa ruwa, amma ba wani abin kirki a ciki.

Da muka sauka na bi ƙauyen gida-gida ina cigiya, har wurin masu bandar kifi. Wata tsohuwa ta ce, "Bakanon nan tela? Ya bi masunta tun kafin damina. Ga kekensa na ɗinki ya bar mini ajiya."

Inna, keken marigayi Baba ne. Dole ya dawo dominsa.

Kada ki zuba ido tukuna. Na share rumfarsa, na fara karɓar ɗinki. Duk ranar da ya dawo, ni zai tarar, kuma tare za mu shigo Fagge.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Hambali