A Sako Carbin Nanret Kafin Alhamis

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Nazarin Sinadaran Jiki, tare da kwafi zuwa Kwamitin Ladabtarwa da Ofishin Masu Gadi.

Yallaɓai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya sanyin Jos?

Mai rubuto maka wannan takarda shi ne Farfesa Dakta Injiniya Alhaji S. M. Gada Biyu, Shugaban Majalisar Ƙoli ta Masana Furotin ta Afirka da Kewaye. Ban saba rubuta wa ƙananan sassa wasiƙa ba, don yawanci ministoci ne ke bin layi a ƙofata. Amma abin da ya faru a ƙofar sashenku ranar Litinin da ta wuce ya sa na soke tafiyata Jamus, na zauna na ɗauki alƙalami.

Ɗalibarku Nanret, wadda za ta kare kundin bincikenta ranar Alhamis ɗin nan, ta zo da kayan aikinta guda biyu cikin kwali: wani dunƙulallen carbi, da wata faffaɗar takarda. Mai gadinku ya ƙwace su, ya kulle a kabad, ya rubuta rahoto cewa asiri ta kawo don ta ɗaure bakin masu yi mata jarrabawa. Yanzu an ce ba za ta shiga ɗakin ba sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma ba ya zama sai wata mai kamawa. Baƙon malamin da aka gayyato daga nesa don jarrabawar ba zai jira ba. In Alhamis ta wuce, sai baɗi.

Na ɗaya. Abin da kuka kulle ba asiri ba ne, furotin ne. Kamar yadda ka sani, ko ya kamata ka sani, furotin jerin ƙananan abubuwa ne da ake kira amino asid, ɗaya na bin ɗaya kamar 'ya'yan carbi a zare. Wanda Nanret ke nazari a cikin farin ƙwai yake, aikinsa fasa bangon ƙwayar cuta, kuma 'ya'yansa ɗari da ashirin da tara ne. Ba ya kwanciya a miƙe, naɗewa yake yi ya dunƙule. To a nan aikin yake. Ɗa na shida da na ɗari da ashirin da bakwai, a ƙirge nesa suke da juna kamar Farin Gada da Vom, amma da ya naɗe sai ka same su kafaɗa da kafaɗa. Nanret bin su take ɗaya bayan ɗaya: wa ya taɓa wa, wa ya yi kusa bai taɓa ba, wa in ka cire shi gidan duka zai rushe. Kwamfuta ta ba ta lissafi, ita kuma tana son abin da malamai za su riƙe a hannu su jujjuya.

Na biyu. Wanda ya haɗa mata abin wani matashi ne mai sana'ar carbi a unguwar Gada Biyu, maƙwabcinsu, Sabitu. Na bincika sosai, yaro ne haziƙi, mai kunya, kyakkyawa kuma, bai yi aure ba tukuna. Sati uku suka yi a rumfarsa, Anti Nanret tana karanto lambobi shi yana lanƙwasa waya. 'Ya'yan da ba sa shiri da ruwa, masu ɓuya a tsakiya, ya sa musu baƙin dutse. Masu son ruwa, masu zama a waje, fari. Inda biyu suka taɓa juna ya ɗaura koren zare. Jan zare kuwa wuri huɗu kawai ya shiga, inda ɗaurin ya fi ƙarfi: shida da ɗari da ashirin da bakwai, talatin da ɗari da sha biyar, sittin da huɗu da tamanin, saba'in da shida da casa'in da huɗu. Ka duba littafinku, in ka samu kuskure na ajiye Farfesa. Har ramin da furotin ɗin ke cizo da shi ya fitar, na talatin da biyar yana kallon na hamsin da biyu kamar maƙwabtan da lungu ya raba.

Kuma wannan carbin shi ne na biyu da aka haɗa. Na farko ya kai rabi, kakar yaron ta tsince shi a kan tabarma. Ta ce wane marar tarbiyya ne ya cukurkuɗe carbi haka, ta zauna tun hantsi har azahar ta warware shi tsaf, ta yi tasbihi da shi, sannan ta kawo ƙarar cewa 'ya'yan sun yi yawa kuma wayar tana sukar hannu. Yatsuna, wato yatsun yaron, har yau ba su warke ba.

Kada ka ɗauka abin wasa ne. Akwai ranar da lissafinta ya ce wasu biyu suna taɓa juna, yaron ya ja ya ja, ya ce Anti, waɗannan ko ɗaurin aure aka yi musu ba za su haɗu ba. Ta koma ta duba, ashe layi ɗaya ta tsallake wajen kwafa, duk abin da ya biyo baya ya goce. Da ba don carbin nan ba, da kuskuren za ta shiga gabanku.

Na uku. Takardar. Murabba'i ce babba, lambobi a gefe, lambobi a sama, duk gidan da biyu suka taɓa juna an ɗiga masa ɗigo. Na yarda, wanda ya taɓa zama gaban malami zai ce hatimi ne, ni ma da na fara gani sai da na yi a'uziyya. Amma hatimi da tawada da alƙalamin kara ake yin sa, wannan kuwa daga na'ura ya fito. Gyare-gyaren da ke jikinta na biro, na sati uku, ba su da kwafi a ko'ina. Labari ya iso ofishina cewa mai gadin da sanda ya tura kwalin cikin kabad, kuma kullum da safe yana yayyafa masa ruwan gishiri. Yallaɓai, kai masanin sinadari ne. Ka san abin da gishiri ke yi wa waya, ka san abin da ruwa ke yi wa biro.

Na huɗu. Nanret ɗin da ake cewa bokanya, 'yar ƙungiyar mawaƙa ce a cocinsu, kuma in tsaka ta faɗo daga bango sai ta gudu ta bar mata ɗakin. Shekara biyu tana kan wannan ƙwai. Babanta, da ya yi ritaya daga aikin shanu a Vom, ya gama gaya wa dangi ranar. Mamanta ta karɓo ɗinki. Tun Litinin Nanret ba ta fito tsakar gida ba, abincin da aka kai mata haka ake dawowa da shi.

Don haka Majalisa tana neman abu huɗu. A fito da kwalin kafin Laraba, don a samu lokacin gyara abin da gishiri ya ɓata. A ɗauko shi da hannu biyu, kada wani mai son taimako ya ce zai warware. A goge sunanta daga rahoton, a bar ta ta shiga ranar Alhamis. Sannan kada a taɓa Baba mai gadi ko a rage masa komai, don yana da uzuri.

To, Yallaɓai, uzurin nan shi ne inda babbar rigar ta yi min nauyi.

Babu wata Majalisa. Ban san hanyar Jamus ba, iyakata Bauchi, ita ma biki. Ni ne Sabitu. Karatun allo kawai na yi, wannan takardar ma da ajami na rubuta, wata mai kwamfuta a Farin Gada ta juya min boko tana dariya. Na ari sunan Farfesa ne don na san takardar mai carbi ba za ta wuce teburin sakatare ba.

Ranar Litinin ni na ɗauko kwalin. Anti ta shiga sa hannu, ta bar ni a ƙofa. Baba ya leƙa ya ce, yaro, wannan fa? Ni kuma bakina ba ya ganin tsoho mai tsare gira ya ƙyale. Na sunkuyo na ce, Oga, yi a hankali, kowane jan zare bakin malami ɗaya ne, huɗu mun ɗaure, saura na Shugaban Sashe, zare ne ya ƙare mana. Na zaci zai yi dariya ya kai min duka da hula. Usur ya busa. Da na ga mutane na taruwa, Anti ma ta fito, na sulale na hau keke napep, na bar ta tana rantsuwa ita kaɗai.

Har yanzu ba ta sani ba. A nan za ta karanta, tare da kowa. Anti Nanret, ki yi haƙuri. Jiya Mamanki ta miƙo min kwanon gwate ta katanga tana gode min da tsaya miki, na ajiye shi na ɗauki alƙalami.

In kwamiti yana buƙatar wanda zai tsaya gabansa, ni ne mai laifin. Laraba da ƙarfe takwas ina ƙofarku, da sabuwar waya da zare. Baba ya fara da hularsa, in ya gama a ba ni kwalin in gyara, sannan ku yi abin da za ku yi da ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya raba ka da maƙwabci irina.

Wassalam.

Naka mai neman afuwa,
Sabitu mai carbi, Gada Biyu.