Hannun Baba Zungu

Litinin, 4 ga Maris

Mista Naicker, manajan tebura, ya kira ni ofis kafin a buɗe. Za a sake gwada ni a kan matsayin sufeto ƙarshen wata. Karo na uku ke nan, kuma na ƙarshe. Shekara sha shida ina raba katin bilakjak, wasan ashirin da ɗaya, a gidan cacan nan. Waɗanda na koya wa riƙe kati su ne yanzu ke zaune a bayana suna duba hannuna.

Ya ce lissafina ba aibu, saurina ba laifi. Sai ya yi murmushi ya ce, “Matsalarki ɗaya, Thembeka. Sof sha bakwai.”

Shekarata arba'in da uku, gwiwoyina sun fara ƙara. Sufeto a kujera yake aiki.

Na sayi wannan littafi a tashar tasi. Zan rubuta kalmomin aiki yadda zan faɗe su gaban masu gwaji, don bakina ɗaurewa yake in an zuba mini ido.

Talata, 5 ga Maris

Hit: ƙaro mini kati. Ɗan wasa ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa.
Istan: ya ishe ni. Ya kaɗa tafin hannu a kan katinsa, hagu da dama.
Bos: ya wuce ashirin da ɗaya, an kwashe kuɗinsa.
Fush: kunnen doki, kowa ya riƙe nasa.
Had: hannu mai ƙidaya ɗaya tak. Ba ya lanƙwasa.
Sof: hannu mai katin as, katin da ake ƙirga shi ɗaya ko sha ɗaya. In an ƙara masa kati ba ya fashewa, lanƙwasawa yake. Sof sha bakwai a ido kamar wani abu, amma kowa na ƙara masa kati ba tsoro.

Ni ke nan.

Doka ta farko: baki ba ya wasa, hannu ke wasa. Kyamarar da ke sama, wadda muke kira Ido, ba ta da kunne.

Laraba, 6 ga Maris

Ranar 'yan fansho. Bas ta sauke su ƙarfe goma, aka ba su shayi kyauta.

Baba Zungu ya zauna a kujerarsa ta ƙarshe, da kwat da laktaye cikin wannan zafi na Durban. Shekara shida ke nan, tun rasuwar matarsa, bai tsallake Laraba ba. Mafi ƙanƙantar caca yake sakawa, ya wuni a kanta. Ya taɓa gaya mini nan ne kaɗai ake ce masa yallaɓai. Shekara talatin da ɗaya yana haɗa taragu a layin dogo na bakin tashar ruwa, da hannu yake wa direbobi magana. Ya ce hannunsa bai taɓa yi wa jirgi ƙarya ba.

Tun bara hannun ke rawa. Yatsan nuni na dama yana bugun tebur shi kaɗai, tak, tak. Yana danne shi da na hagu, yatsan ya sulale. Ni dai bakinsa nake kallo. In ya ce istan, na wuce.

Anti Savitri, wadda ke zama kusa da shi, ta tambaye shi ganga ya zo kaɗa mana ko wasa. Ya ce, “Savitri, hannun nan ya tsayar da tarago arba'in. Ke mijinki ɗaya kin kasa tsayarwa.” Ta doke shi da jaka. Duk tebur aka yi dariya.

Alhamis, 7 ga Maris

A ɗakin cin abinci Lwazi, sufeton da na koya wa aiki da hannuna, ya ɗauki cokali yana kwaikwayon Baba. Ashe sun daɗe da sa masa suna: Baba Hit-Hit.

Na yi dariya. Sau biyu. Ta biyun ba wanda ya tilasta ni.

Alhamis, 14 ga Maris

Naicker ya kai ni ɗakin Ido. Sanyi kamar firiji. Ya sa aka kunna hoton jiya, teburina daga sama: ba fuska, sai hannuwa. Yatsan Baba na bugawa, hannuna na wucewa. Ya ƙirga da biro. Sha ɗaya.

Na ce da baki ya ce istan, kowa ya ji. Ya ce in nuna masa inda aka ji a hoton. Ya ce in mai binciken hukuma ya ga wannan, cewa zai yi ina taimakon abokina. Na ce ciwo ne. Ya ce nan ba asibiti ba ne.

Daga baya ya faɗi ainihin abin. Kujera ɗaya, awa biyar, ƙaramar caca, shayi kofi uku. Ba za a kori dattijo ba, ba kyan ji. “Ke dai bi littafin dokoki. Littafi zai yi mana aikin.”

Wataƙila yana da gaskiya. Wataƙila abin da nake kira tausayi tsoro ne kawai. Ban taɓa iya cewa a'a ba, ko ga masu tallan soso a cikin tasi.

Juma'a, 15 ga Maris

Na duba littafin dokoki, shafi na sha huɗu. In ɗan wasa yana da had sha bakwai ko sama ya ba da alamar hit, mai rabo zai iya tambayarsa ya tabbatar.

Zai iya. Ba a ce dole ba. Na ja layi a ƙarƙashi.

Laraba, 20 ga Maris

Kafin a zauna na raɗa wa Baba ya sa hannun dama a aljihu, ya yi wasa da hagu. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce ɓarawo ke ɓoye hannu a tebur, kuma hagu ba a ba da alama da ita, ko jirgi ba zai saurara ba. Na gaya masa dai. A rubuta cewa na gaya masa.

Wajen azahar yana da sha biyu. Ya ce istan. Yatsa ya buga. Na zaro kati daga takalmi (haka muke kiran akwatin katin) na ajiye. Tara. Ashirin da ɗaya cif.

Sai ya fashe da dariya, ya ce, “'Yata, kin ga hannuna ya fi ni wayo.” Lwazi daga kujerarsa ya gyaɗa mini kai.

Ke nan ban cuce shi ba. Ya ma ci.

Da zan tashi, mai gadin ƙofa ya miƙo mini leda. Fiya huɗu daga bishiyar gidan Baba. Ya san ba ma karɓar komai daga hannun 'yan wasa, shi ya sa yake bari a ƙofa.

Asabar, 23 ga Maris

Ƙona kati: katin farko da ake zarewa a jefar ba tare da kowa ya gani ba.
Inshora: a biya don tsoron abin da mai rabo ya ɓoye. Masu tsoro ke saye.
Dobul: a ninka caca, a karɓi kati ɗaya tak.

Fiyar ta nuna. Na ci ɗaya da gishiri.

Litinin, 25 ga Maris

An sa gwajin ranar Laraba. Cikin kwana bakwai na mako, Laraba.

Laraba, 27 ga Maris

Zan rubuta shi bi da bi.

Naicker da wata mata daga babban ofis suka tsaya a bayana da takarda. Kalmomi na amsa su duka, ban yi in'ina ba. Aka buɗe tebur. Awa ɗaya lafiya. Sau biyu yatsan Baba ya buga a ƙananan hannuwa na ba shi kati, ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi. Ya kalle ni.

Sha ɗaya da kwata ya ce yau ranar haihuwar marigayiya matarsa ce, ya tura duk abin da ke gabansa. Bai taɓa yi ba. Savitri ta ce tsufa ya fara taɓa masa kai. Na raba. Sarki biyu suka zo masa. Ashirin. Katina na sama shida ne, mafi munin kati ga mai rabo. Ko yaron goye ya san ba a ƙara wa ashirin kati.

Ya ce, “Istan, 'yata.” Da ƙarfi ya faɗa, yana murmushi. Ya ɗaga hannun zai kaɗa. Farin ciki yana ƙara masa rawar, na daɗe da lura. Kafin tafin ya buɗe, yatsa ya sauka. Tak, tak.

Shafi na sha huɗu ya zo mini a rai, har layin da na ja. Na ji numfashin Naicker a bayan wuyana. Ban tambaya ba.

Biyar.

Na ce, “Ashirin da biyar, bos,” da muryar da ake koya mana, na kwashe. Na buɗe nawa: sha shida, na ja goma, ni ma na fashe. Kowa a tebur ya ci. Ban da shi.

Ya daɗe yana kallon wurin da kuɗin suke ɗazu. Ya ce, “'Yata, kin ji ni.”

Na ce, “Hannu na gani, yallaɓai.”

Ban taɓa ce masa yallaɓai da wannan murya ba. Baba nake cewa.

Ya miƙe ya nemi a duba Ido. Wannan ne kuskurensa, ya yarda da hannunsa. Naicker cikin ladabi ya sa aka kawo hoton a ƙaramin allo, nan gaban mutane, aka rage gudunsa, aka maimaita sau uku. Yatsa, tak, tak. Wani a teburin baya ya fara bugun tebur daidai da shi, wasu suka taya. Savitri ta ce su ji kunya, amma ba ta tashi daga kujerarta ba, katinta na tafiya daidai.

Naicker ya ce don kare shi daga asara, gida ba zai ƙara barinsa a tebur ba, amma injinan caca na nan, maɓalli ɗaya ne, ko sau nawa ya danna duk ɗaya. Ya miƙa masa takardar shayi kyauta.

Baba ya sa hannun daman a aljihu. Sai yanzu. Ya fita ya bar hularsa a ƙarƙashin kujera.

Na ci gaba da rabo. Hannuna bai yi rawa ba, na duba.

Alhamis, 28 ga Maris

Na ci gwajin. Matar babban ofis ta rubuta “ba ta da shakka”. Lwazi ya saya mini lemo, ya ce yanzu na zama had.

Na yi amai a banɗaki, amma ina jin kifin jiya ne.

Laraba, 3 ga Afrilu

Kujerar sufeto tana da wurin ɗora ƙafa. Daga sama ba a ganin fuskoki sosai.

Wani mai sayar da motoci ne a kujerar ƙarshe. Savitri ba ta gaishe ni ba, sai da ta ci sau uku ta manta. Hular tana ɗakin kayan tsintuwa. Doka ta ce a ajiye ta kwana talatin.

Na ƙirga abin. Na gargaɗe shi ranar 20. Littafi ya ce zai iya. Ko ban yi ba wani zai yi. Uku ke nan. Ina ta neman na huɗu, ban san don me ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Wata mai rabo ta tsaya tana tambayar wata tsohuwa ko da gaske take. Na rubuta sunan mai rabon a rahoto. Na ce mata Ido ba shi da kunne. Daga bakina ya fito sumul, kamar ni na ƙirƙira.

Asabar, 13 ga Afrilu

Da rana a tashar tasi ta kasuwa na hango shi a layin masu jiran tasin Umlazi, tsallaken titi, ba hula, ba laktaye. Riƙe da leda. Ya gan ni. Ya ɗaga hannun dama daidai ƙirji, tafin a buɗe, yana tafiya hagu da dama.

Ko gaisuwa ce. Ko kira. Ko rawar ce kawai. Bakinsa na motsi, amma ga hayaniyar 'yan kamasho, ba a jin komai.

Hagu da dama, tafi a buɗe: ya ishe ni. Haka yake a littafi. Na wuce zuwa na gaba, na shiga tasina.

Zan iya tsallakawa in tambaya. Ba a ce dole ba.

Gwiwoyina sun yi sauƙi sosai wannan makon.